OPENSSL_malloc da OPENSSL_free a tsohon kod: a cire su ko a bar su?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki da wani ƙaramin kamfani a nan Abuja. Muna da tsohuwar manhaja da aka rubuta da C, ita ke haɗa sabarmu da ta abokan hulɗarmu ta TLS, wato hanyar sirranta saƙo tsakanin kwamfutoci, kuma an ba ni aikin ɗauke ta daga CentOS 7 zuwa Ubuntu 22.04. Ko'ina cikin kod ɗin ina ganin OPENSSL_malloc da OPENSSL_free, wasu wuraren kuma malloc da free da muka saba ware memori da sakinsa da su. Na karanta a littafin jagorar LibreSSL cewa waɗannan tsofaffin lulluɓi ne kawai, kada a sa su a sabon kod. Ogana ya ce in maye gurbinsu duka da malloc da free kowa ya huta. Shin hakan daidai ne? Kuma me ya sa tun farko suka ƙirƙiro nasu alhali C yana da nasa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Abubuwa biyu ka tambaya: ko za ka iya share waɗannan fankishin ɗin gaba ɗaya, da kuma dalilin samuwarsu. Amsar ta farko ita ce a'a, kada ka yi musu kuɗin goro. Abin da ka karanta gaskiya ne, amma game da LibreSSL aka rubuta shi, kai kuwa Ubuntu 22.04 za ka koma, wadda ke zuwa da OpenSSL 3.0. Laburaren nan biyu na sirranta bayanai, LibreSSL da OpenSSL, uwarsu ɗaya, sunayen fankishin ɗinsu iri ɗaya, amma a kan wannan batu sun raba hanya tun 2014. A OpenSSL, OPENSSL_malloc da OPENSSL_free ba su tsufa ba, su ne hanyar da laburaren ke bi har gobe.

Inda abin ya samo asali

OpenSSL ya fito ne daga SSLeay, laburaren da Eric Young da Tim Hudson suka fara a Ostareliya a 1995, aka mayar da shi OpenSSL a ƙarshen 1998. A farko sunayen lulluɓin Malloc da Free ne da babban baƙi. A fitowa ta 0.9.6 a shekarar 2000 aka sa musu OPENSSL_ a gaba saboda suna karo da sunayen wasu manhajoji. Idan ka buɗe fayil ɗin crypto.h za ka ga OPENSSL_malloc ba fankishin ba ne ma, makiro ne da ke kiran CRYPTO_malloc, yana haɗa masa da sunan fayil da lambar layin da aka yi kiran. Shi kuma CRYPTO_malloc, in ba a canza masa komai ba, malloc na tsarin yake kira.

To me ya kawo wannan zagaye? Ɗaya daga cikin dalilan Windows ne. A can, DLL, wato fayil ɗin laburare da manhaja ke kira, da manhajar da ke kiransa kowanne na iya zuwa da nasa laburaren C, kowanne da nasa rumbun memori. Idan DLL ya ware memori daga rumbunsa, kai kuma ka kira free naka, ka mayar da kaya rumbun da bai san da shi ba. Kamar zamanin da ake mayar da kwalbar lemo ne: mai kantin da ya ba ka, shi ke karɓar kwalbarsa, na makwabta ba zai karɓa ba. Bambancin kawai shi ne free ba ya cewa "ba tawa ba ce". Karɓa yake yi, ya lalata lissafin rumbun, manhajar ta faɗi can gaba a wurin da ba ruwansa da laifin.

Akwai kuma batun neman yoyon memori. A shekarun casa'in ba a da Valgrind, ba a da AddressSanitizer, kayan aikin da ke kama kurakuran memori, don haka laburaren ya riƙa ajiye nasa lissafin wa ya ware me a wane layi, shi ya sa ake tura sunan fayil da layi. Sannan an ba mai manhaja damar sa nasa mai rabon memori ta CRYPTO_set_mem_functions, abin da masu ƙananan na'urori da manyan sabobi ke buƙata.

Abin da ya faru a 2014

Ranar 7 ga Afrilu 2014 aka bayyana Heartbleed. Kuskure ne a sashen da ke amsa saƙon "kana nan?" na TLS: mai tambaya zai turo ɗan ƙaramin saƙo ya yi ƙaryar cewa dogo ne, sabar kuma ba ta duba ba, sai ta kwaso abin da ke maƙwabtaka da saƙon a memori, har kusan kilobait 64 a kowane kira, ta miƙa masa. Abin da ke maƙwabtakan na iya zama kalmar sirrin wani ko mabuɗin sirrin sabar kanta. Ya shafi 1.0.1 zuwa 1.0.1f, aka gyara a 1.0.1g. Neel Mehta na Google da kamfanin Codenomicon na Finlan ne suka gano shi, kowa daban.

Alaƙarsa da tambayarka ita ce abin da masu haɗa tsarin aikin kwamfuta na OpenBSD suka tono bayan haka. Malloc na OpenBSD yana da matakan kariya: zai iya cika memorin da aka saki da shara, ko ya janye shafin gaba ɗaya ta yadda duk wanda ya taɓa shi manhajar za ta faɗi nan take. Amma OpenSSL na lokacin ba ya mayar da bafofin karatu da rubutu na TLS ga tsarin; yana ajiye su a nasa jerin, ya sake amfani da su, wai don malloc na wasu tsare-tsare ba shi da sauri. Ke nan kariyar tsarin ba ta kai ga waɗannan bafofin. Ted Unangst na OpenBSD ya kashe jerin don ya gwada, sai ya tarar laburaren ya daina aiki daidai, domin akwai wurin da kod ɗin ke sakin bafa sannan ya dogara da cewa ita ɗin zai sake samu da kayanta a ciki. Shekaru kuskuren yana nan, jerin yana rufa masa asiri.

A lura, wancan jerin daban yake da OPENSSL_malloc. A samansa yake zaune, kuma an cire shi a 1.1.0. Mutane da yawa na haɗa su su ce "OPENSSL_malloc ne ya jawo Heartbleed", wanda ba haka ba ne. Rashin duba tsawon saƙo ne ya jawo shi. Amma fushin ya shafi duk wani lulluɓi da ke tsakanin laburare da malloc. A watan Afrilun nan OpenBSD suka ɓalle da LibreSSL daga 1.0.1g, suka share lulluɓin daga cikin kod ɗinsu, suka koma malloc, calloc, reallocarray da free kai tsaye. Sunayen OPENSSL_malloc da 'yan uwansa an bar su ne don tsofaffin manhajoji su ci gaba da haɗuwa, CRYPTO_set_mem_functions kuma ya zama ba ya yin komai sai dawo da sifili. Shi ya sa littafinsu ya ce maka kada ka yi amfani da su. A gidansu, gaskiyarsu ce.

Google kuma, da suka ɓalle da BoringSSL a watan Yunin shekarar, hanyar da suka bi daga baya kishiyar wannan ce. OPENSSL_malloc nasu yana ware ƙarin bait takwas a gaba ya rubuta girman abin da aka nema, ya ba ka manunin da ke bayan wannan ɗan kan. Idan ka kira OPENSSL_free, sai ya koma baya ya karanta girman, ya goge memorin, sannan ya saki. Ka ba free na yau da kullum wannan manunin, ka ba shi adireshin da malloc bai taɓa fitarwa ba. Ka ga suna ɗaya, hali uku.

Ƙa'idar da nake aiki da ita

Ba na tambayar "wanne ya fi kyau". Ina tambayar wa ya ware wannan memorin, kuma wa zai sake shi. Da wannan tambayar za ka raba duk kiran da ke cikin kod ɗinka.

Wasu kiran na memorin da laburaren ya ware ya miƙo maka ne. BN_bn2hex da BN_bn2dec suna dawo da rubutu. X509_NAME_oneline, idan ka ba shi NULL a matsayin bafa, shi ma haka. ASN1_STRING_to_UTF8 yana ware maka wurin fitarwa. Dangin i2d, kamar i2d_X509, suna warewa idan ka ba su adireshin manunin da ke ɗauke da NULL. Duk waɗannan da OPENSSL_free ake sakinsu, ko ogan ya so ko bai so ba. Nan ne shawararsa ke da haɗari, kuma haɗarin mai ɓoyewa ne: a Ubuntu, idan babu wanda ya canza mai rabon memori, OPENSSL_free free yake kira a ƙarshe, don haka za ka maye gurbin, ka gwada, komai ya tafi lafiya, ka rufe aikin. Matsalar sai ranar da wani ya haɗa kod ɗin a Windows, ko da BoringSSL, ko wani sashe na manhajar ya kira CRYPTO_set_mem_functions. A ranar kuwa wataƙila kai ka bar kamfanin, wanda ya gada bai san an taɓa wurin ba.

Akwai na kishiyarsu, waɗanda mutane suka fi mantawa: memorin da kai ka ware ka miƙa wa laburaren ya zama nasa. Fankishin masu set0 a sunansu yawanci haka suke. ASN1_STRING_set0 yana karɓar bafarka, kuma ranar da aka saki abin, da OPENSSL_free zai sake ta. SSL_set_tlsext_status_ocsp_resp ma haka yake yi da amsar OCSP, ta tabbatar da cewa ba a soke satifiket ba, da ka ba shi. To irin wannan bafar dole da OPENSSL_malloc za ka ware ta tun farko. Abubuwa irin su X509, EVP_PKEY, BIO da BIGNUM kuwa kowanne da nasa mai saki, X509_free da sauransu; ba OPENSSL_free ba, ba free ba.

Sauran kuma memorin manhajarka ce zalla: bafar karanta fayil ɗin saituna, jerin abokan hulɗa, rubutun da za a kai log. Kai ka ware, kai ka saka, laburaren bai taɓa mallakarsa ba. Nan ogan yana da gaskiya, malloc da free sun wadatar, kuma ni ma a sabon kod haka nake yi, don kada sashen da ba ruwansa da sirranta bayanai ya rataya a wuyan OpenSSL. Amma a tsohon kod mai aiki, idan ma'auratan sun dace, OPENSSL_malloc a sama OPENSSL_free a ƙasa, ni ba na taɓa su a lokacin ƙaura. Ba za ka ci ribar sauri ba, ba ta tsaro ba, sai dai ka ƙara yawan layukan da za a duba. Abin da za ka farauta shi ne auren da bai dace ba, malloc da OPENSSL_free ko akasin haka.

Na taɓa gani da idona a wani ofis a Wuse. Ƙaramar manhajar Windows ce da ke buga bayanin satifiket a allo. A kwamfutar wanda ya rubuta ta lafiya lau, a ta ma'aikata kuma takan mutu, ba kullum ba, kuma ba a lokacin buga satifiket ɗin ba, sai an jima ana wani abu daban. An zargi anti-bairos, an zargi wuta, har an canza RAM. Layi ɗaya ne: sakamakon X509_NAME_oneline aka ba free. DLL ɗin OpenSSL da aka raba wa ma'aikata da wani laburaren C aka haɗa shi, ba irin na manhajar ba.

Yadda za ka kama auren da bai dace ba

Valgrind da AddressSanitizer ba za su nuna maka wannan ba a Linux, domin a wurinsu malloc aka kira, free aka kira, lissafi ya daidaita. Dabarar da nake yi ita ce in sa su ƙi dacewa da gangan, a ginin gwaji kawai. A layin farko na main, kafin a taɓa komai na OpenSSL, sai in kira CRYPTO_set_mem_functions da nawa fankishin uku. Mai warewa yana neman ƙarin bait 16, ya rubuta wata lamba ta shaida a farkon, ya dawo da manunin da ke bayan ƙarin. Mai saki yana komawa baya bait 16, in bai ga shaidar ba ya kira abort. Mai sake girma yana yin haka shi ma. Kada ka manta NULL: mai saki ya ƙyale shi, mai sake girma ya ɗauke shi a matsayin sabuwar warewa. Daga nan duk inda aka ba free memorin OpenSSL, AddressSanitizer zai tsayar da manhajar ya nuna maka layin, duk inda aka ba OPENSSL_free memorin malloc kuma, naka abort ɗin zai kama.

Abu uku ka kula da su. CRYPTO_set_mem_functions yana dawo da sifili idan laburaren ya riga ya ware wani abu, don haka duba amsarsa, in ba haka ba za ka zauna kana murna babu kuskure alhali gwajin bai ma fara ba. Sannan tun 1.1.0 fankishin ɗin da kake ba shi suna karɓar sunan fayil da lambar layi; misalan da aka rubuta don 1.0.2 ba za su haɗu ba. Dabarar kuma hanyoyin da gwajinka ya bi kawai take kamawa. Hanyoyin kuskure, inda ake saki cikin gaggawa a fita, su ne inda auren banza ya fi ɓuya, kuma su ne gwaji ya fi tsallakewa. Waɗannan sai ka bi da grep da ido.

In ka ci karo da CRYPTO_mem_leaks da danginsa a kod ɗin, cire su. An daina amfani da su a 3.0, an bar aikin ga irin su AddressSanitizer. OPENSSL_malloc_locked ma ba za ka same shi a 3.0 ba. Kada sunan ya ruɗe ka, ko a zamaninsa ba ya kulle komai sai in manhaja ta ba shi nata mai kullewa.

Wurin da lulluɓin ke da amfani na gaske

Ba ka tambayi wannan ba, amma shi ya fi komai muhimmanci a manhaja irin taku. Free ba ya goge komai. Mabuɗin sirri ko kalmar sirrin da ke cikin bafa tana nan daram bayan saki, har sai wani ya rubuta a kai. OPENSSL_free na OpenSSL ma ba ya gogewa, wannan kuskuren fahimta ne da nake yawan ji. Mai hankali zai ce to in yi memset da sifili kafin free. Sai dai kwamfaila na ganin ba wanda zai sake karanta wurin, kuma ƙa'idar C ta ba shi damar share wannan memset ɗin don sauri. Kana ganin layin a kod, amma babu shi a manhajar da ta fito.

Maganin shi ne OPENSSL_cleanse, wanda aka rubuta ta yadda kwamfaila ba zai iya tsallake shi ba, ko OPENSSL_clear_free da ke gogewa ya saki a kira ɗaya. Na biyun a 1.1.0 ya shigo tare da OPENSSL_zalloc. Idan ba ka son dogaro da OpenSSL, glibc, laburaren C na Linux, yana da explicit_bzero tun 2.25, Windows yana da SecureZeroMemory, OpenBSD kuma freezero. Realloc ma tarko ne: idan ya matsar da bayanan zuwa sabon wuri, tsohon kwafin yana nan ba a goge ba. Don bafar sirri, OPENSSL_clear_realloc ake amfani da shi. Ka ga ke nan idan ka bi umarnin "a mayar da komai free" har kan OPENSSL_clear_free, ka cire kariya da hannunka.

Sama da wannan akwai rumbun tsaro da ya zo a 1.1.0. Kana kiran CRYPTO_secure_malloc_init da girman da kake so, wanda dole ya zama ninkin biyu-biyu kamar 32768 ko 65536. Laburaren zai ware yankin daban, ya sa shafukan gadi a gefe da gefe, ya kulle shi da mlock don kada ya sauka kan faifai a suwaf, wurin da tsarin ke juye memori idan RAM ya cika, a Linux kuma ya hana shi shiga fayil ɗin da ake zubarwa idan manhaja ta faɗi. Batun suwaf ɗin ba tatsuniya ba ce a wurinmu. Sabar da ke ƙarƙashin tebur a ofis, RAM kaɗan, wuta ta ɗauke, inbata ta gaza. Abin da ke RAM ya tafi, amma abin da ya sauka suwaf yana kan faifan. Bayan shekara biyu a sayar da faifan a kasuwar 'yan kwamfuta ba tare da an goge ba. Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanai ta Najeriya a 2023, kamfanin da ke riƙe bayanan mutane ba shi da uzurin wasa da irin wannan.

Amma duba amsar init ɗin: 1 nasara ce, 0 gazawa, 2 kuma yana nufin an samu rumbun amma kariyar ba ta cika ba, sau da yawa saboda iyakar da ulimit -l ke nunawa. Idan kuwa ba ka kira init ba sam, OPENSSL_secure_malloc zai koma warewa ta yau da kullum shiru, ba gargaɗi. Abin da aka ware da shi kuma da OPENSSL_secure_free ko OPENSSL_secure_clear_free ake saki, wani auren ke nan da za ka kiyaye. Rumbun ba ya kare ka daga wanda ya riga ya zama root a sabar, kuma ba ya bin kwafin da kod ɗinka ya yi zuwa wata bafa ta daban.

Ƙananan bambance-bambance da za su iya cizonka a ƙaura

A 1.0.2 da CentOS 7 ke ɗauke da shi, girman da CRYPTO_malloc ke karɓa int ne, daga 1.1.0 ya koma size_t. Idan tsohon kod na lissafa girma da int, ya kuma fito da lamba ƙasa da sifili saboda kuskure, da can NULL zai samu, yanzu kuwa lambar za ta juye ta zama ƙatuwa. Sannan OPENSSL_malloc(0) a 3.0 NULL yake dawowa, alhali malloc(0) na glibc yana ba da manuni na gaske. Kod ɗin da ke ɗaukar NULL a matsayin "memori ya ƙare" zai canza hali a kan saƙo marar komai idan ka sauya ɗaya da ɗaya. Duk inda ka ga ana ninka adadi da girma a cikin kiran, tabbatar an duba ambaliya kafin nan. Calloc da reallocarray suna dubawa da kansu, OPENSSL_malloc lamba ɗaya kawai yake gani.

Ban ga kod ɗinku ba, don haka rabon da na yi maka na gaba ɗaya ne. Kowane fankishin da ke dawo da manuni, buɗe shafin jagorarsa na 3.0 ka karanta abin da ya ce game da saki, kada ka dogara da jerin da na kawo a matsayin cikakke. Kuma ka shirya, wahalar ƙaurarka ba a nan take ba. Tun 1.1.0 aka rufe cikin sifofi irin su EVP_MD_CTX, RSA da X509, ba za ka iya ajiye su a kan stak ko ka leƙa cikinsu kai tsaye ba, sai ta _new da _free da fankishin ɗin karɓa da sawa. Kowane wurin da ka gyara haka sabon aure ne na warewa da saki, don haka ka haɗa ginin gwajin nan mai bait 16 tun kafin ka fara taɓa su, ka riƙa gudanar da shi tare da AddressSanitizer bayan kowane gyara. Ga oga kuma, kada ka je masa da "Malam ya ce". Ɗauki wuri ɗaya da BN_bn2hex ko X509_NAME_oneline ke dawo da rubutu, mayar da shi free kamar yadda ya ce, ka kunna ginin gwajin a gabansa.